Babi na Shida: Wa Ya Kayar da Mu?

Ranar Talata, 26 ga Yuni, 2018, ana idar da sallar magariba a Wudil aka take wasa a birnin Saint Petersburg na ƙasar Rasha. Najeriya ce da Ajantina, wasan ƙarshe na rukuni a Gasar Cin Kofin Duniya, kuma kunnen doki ma ya ishi Najeriya ta haye zagaye na gaba. Messi ya ci a minti na 14. Da aka dawo daga hutun rabin lokaci, Victor Moses ya farke da bugun fenariti a minti na 51. Aka yi ta fafatawa har ya rage saura kamar minti 10 a tashi, sannan abin da har yau ba a gama shari'arsa ba ya faru.

Ahmed Musa ya kwaso ƙwallo ta gefen hagu ya bugo ta cikin yadi 18. Marcos Rojo, ɗan bayan Ajantina, ya yi tsalle ya sa mata kai, sai ta zame daga kansa ta daki hannunsa, ta faɗo gaban Odion Ighalo. Ighalo ya ɗirka mata ƙafa, ta wuce ta gefen raga. 'Yan wasan Najeriya suka yi wa alƙali caa, kowa yana nuna hannu. Alƙalin, Cüneyt Çakır ɗan ƙasar Turkiyya, ya je gefen fili ya duba na'urar VAR, ya dawo ya ce babu komai, a ci gaba. A minti na 86 shi dai Rojon nan ya sulalo gaba, ya riga Moses kai wa ƙwallon da Gabriel Mercado ya bugo, ya zura ta a raga. Aka tashi 2 da 1, Najeriya ta tattaro kayanta.

Abu biyu ne suka faru cikin daƙiƙa ƙalilan: ƙwallo ta taɓa hannu, ɗan wasan gaba kuma ya ɓarar. Duk wanda ya kalli wasan ya ga duka biyun. Amma ka tayar da zancen a kowace majalisa a Wudil, za ka tarar kowa ɗaya kawai ya riƙe.

"Wallahi da ɗan bayanmu ne ya taɓa ta haka, ko na'urar ba zai je dubawa ba, usur kawai za ka ji."

"To Malam, ita ƙwallon da ta faɗo gaban Ighalo, daga shi sai gola, alƙalin ne ya riƙe masa ƙafa?"

"Bar wannan maganar, ɗan'uwa. An riga an gama lissafi tun a ofis. Ba a son Messi ya koma gida da wuri. Kasuwa ce."

"Kasuwar ce ta hana Moses bin Rojo?"

Kowannensu yana da abin kafa hujja. Kwana ɗaya kafin nan, a wasan Iran da Fotugal, an bai wa Iran fenariti bayan duba na'ura saboda ƙwallo ta taɓa hannun Cédric Soares, kuma mutane da dama suna ganin wancan bai kai na Rojo fitowa fili ba. Sai dai akwai bambanci: a wancan, daga kan abokin hamayya ƙwallon ta zo, a na Rojo, daga kansa ta zame. Dokar lokacin tana neman a ga alamar ganganci, kuma alƙalai sun saba ƙyale wanda ƙwallo ta tashi daga jikinsa ta daki hannunsa. A 2019 ma sai da hukumar da ke tsara dokokin ƙwallo ta rubuta hakan ƙarara. Ni dai a nawa ganin Çakır bai yi kuskure ba. Na kuma san faɗin haka a bainar jama'a yana iya sa a daina miƙo mini shayi.

Wudil wuri ne mai daɗin sauraron irin wannan musu, saboda garin mahaɗa ce. Babbar hanyar da ta fito daga Kano ta nufi gabas a kan gadarta take bi. Ranar Juma'a kasuwa na tara fatake da dillalan shanu daga nesa. Ga ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha da aka buɗe a 2001, wadda a 2022 aka sa mata sunan Aliko Ɗangote, ga kuma Makarantar Horar da Jami'an 'Yan Sanda da ke kawo matasa daga kowace jiha. Haɗa su da masunta da masu ɗiban yashi a bakin kogi, da direbobi da 'yan kamasho na tasha. A gidan kallo duk benci ɗaya suke zama, janareta ɗaya ke yi musu ruri a baya. Ɗalibi zai zaro waya ya karanto maka alƙaluman wasa: wa ya fi riƙe ƙwallo, sau nawa aka kai hari. Direba zai ce shi ba ruwansa da lissafin waya, da idonsa ya gani. Idan aka watse, rabin taron sai ya koma teburin mai shayi, kuma a can ake buga wasa na biyu, wanda ba shi da usur ɗin tashi.

Abin da na lura da shi, ko wasan Firimiyar Ingila ne, ko na Super Eagles, ko na Kano Pillars, shi ne kuskuren alƙali ya fi na ɗan wasa daɗewa a zuciya. Dalili na farko ba mai wuyar ganewa ba ne. Kurakuran 'yan wasa a warwatse suke cikin minti 90: wannan ya ba da ƙwallo inda ba kowa, wancan ya makara da komowa baya, koci ya ƙi yin canji sai da ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Ba za ka iya nuna ɗaya ka ce shi ne ba. Hukuncin alƙali kuwa yana da minti, yana da fuska, yana da suna. Ana tsayar da wasa dominsa, a maimaita shi a talabijin ta kusurwa biyar, washegari kuma a tura maka guntun hotonsa a WhatsApp.

Dubi wasan ƙarshe na Kofin Afirka na shekarar 2000, wanda aka buga ranar 13 ga Fabrairu a babban filin wasa na Surulere a Legas. Ka tambayi duk wanda ya mallaki hankalinsa a lokacin me ya faru, zai ce maka an ƙwace wa Najeriya kofi. Kuma gaskiyarsa. Da aka je bugun fenariti na raba gardama, ƙwallon Victor Ikpeba ta daki ƙarfen sama ta faɗo bayan layi, ta tsallako waje. Ci ne sarai, hoton talabijin ya nuna. Alƙali Mourad Daami ɗan Tunisiya da mataimakinsa suka ce ba ta shiga ba. Rigobert Song ya buga ta ƙarshe, Kamaru ta ɗauki kofi da 4 da 3.

Yanzu ka ƙara masa tambaya: wa ya ɓarar da fenariti kafin Ikpeba? Sai ya yi ɗan jim. Nwankwo Kanu ne, golan Kamaru Alioum Boukar ya tare. Yaya aka yi ma har wasa ya kai ga bugun raba gardama? Saboda a gida, gaban dubban magoya baya, Najeriya ta bari Samuel Eto'o da Patrick Mboma sun zura mata biyu cikin minti 31 na farko, sai da Raphael Chukwu da Jay-Jay Okocha suka yi aikin gaske kafin a dawo 2 da 2. Shi kansa Ikpeba, da ƙwallon ta faɗo, hannu ya ɗora a ka kamar wanda ya zubar, bai yi murna ba balle ya yi gardama. Duk wannan ya faru a yammaci ɗaya. Amma abin da ya rage a bakin mutane bayan shekaru sama da 20 shi ne layi da alƙali. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, sai ka taka naka ka hango na wani.

Dalili na biyu ya fi na farko zurfi, kuma shi ne ginshiƙin wannan babi. Mai kallo yana ɗaukar kansa shaida, alhali shi ma yana cikin masu ƙara. A kotun alƙali, in mutum yana da amfani a cikin hukuncin da za a yanke, ba a karɓar shaidarsa, ko da kowa ya san shi da gaskiya. Ba don ana zarginsa da ƙarya ba, sai don an san son abu yana karkata ido tun kafin ya kai ga harshe. Wanda ya biya kuɗin shiga gidan kallo sanye da rigar ƙungiyarsa ya riga ya faɗi ɓangarensa.

An taɓa gwada wannan. A 1951 jami'o'in Princeton da Dartmouth na Amurka suka buga wani wasa mai zafi na irin ƙwallonsu ta Amurkawa, har da karaya. Malamai biyu masu nazarin halayyar ɗan Adam, Albert Hastorf da Hadley Cantril, suka nuna wa ɗaliban kowace jami'a fim ɗin wasan, suka ce kowa ya ƙirga ƙetar da ya gani. Fim ɗaya ne, babu bambanci ko na daƙiƙa. Ɗaliban Princeton suka ƙirgo wa 'yan wasan Dartmouth ƙeta kusan 10, kowane ɗalibi in an yi matsakaici, su kuwa ɗaliban Dartmouth 4 da 'yan kai suka gani a wurin nasu. An buga sakamakon a 1954. Babu wanda aka biya a cikin yaran nan. Da zuciya ɗaya kowa ya rantse da abin da idonsa ya nuna masa. To direban nan na tasha da ya ce da idonsa ya gani, ba ƙarya yake yi ba. Idon ne ɗan Pillars.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka ina wanke alƙalai ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Zargin da ake yi a teburin mai shayi ba daga sama ya faɗo ba. A Nuwamban 2016, a wasan neman shiga Kofin Duniya tsakanin Afirka ta Kudu da Senegal, alƙali Joseph Lamptey ɗan Ghana ya ba da fenariti wai Kalidou Koulibaly ya taɓa ƙwallo da hannu, alhali a ƙafa ta same shi. FIFA ta bincika, ta dakatar da shi har abada, ta sa aka sake wasan. A Yunin 2018 ɗan jaridar Ghana Anas Aremeyaw Anas ya fitar da hoton bidiyo na alƙalan wasa daga ƙasashe da dama suna karɓar kuɗi, har wani mataimakin alƙali ɗan Kenya, Aden Marwa, ya rasa gurbinsa a Kofin Duniyar Rasha. A nan gida kuwa akwai abin kunyar Yulin 2013, lokacin da ƙananan ƙungiyoyi biyu masu neman hawa mataki suka ci wasanninsu 79 da nema da 67 da nema a rana ɗaya, gaban alƙalai masu usur a baki. Da aka zo Kofin Afirka na Kwaddibuwa a farkon 2024, babu alƙali ko ɗaya daga Najeriya a cikin waɗanda aka zaɓa. Wanda ya san waɗannan, in ya ji an busa abin da bai gane ba ya ce an sayi alƙali, ba za a ce masa mahaukaci ba.

Amma akwai abin da ke karkata alƙali wanda ya fi kuɗi yawa, ya kuma fi shi sauƙin samu. Shi ne mu, masu kallo.

A 2002 wasu masu bincike a Ingila ƙarƙashin Alan Nevill suka tara ƙwararrun alƙalai 40, suka nuna musu hotunan karo da aka yi a wani wasan Liverpool da Leicester City. Wasu da ihun 'yan kallo aka kunna musu, wasu shiru. Waɗanda suka ji ihu sun rage busa wa masu gida laifi da kashi 15.5 cikin 100. A ɗaki suke zaune, babu mai iya jifansu ko da ledar ruwa, amma ihu kaɗai ya taɓa hukuncinsu. Wani binciken na 2005 a kan gasar La Liga ta Sifaniya ya duba ƙarin lokacin da ake yi a ƙarshen wasa: in masu gida ne ake ci da ƙwallo ɗaya, ana ƙara kusan minti 4, in su ke ci da ɗaya, kusan minti 2. Da annobar korona ta sa aka buga wasannin 2020 babu 'yan kallo, sai aka ga katin da ake ɗaga wa baƙi ya ragu a gasanni da dama, rinjayen masu gida ma ya ragu.

Wannan a Turai ke nan, inda alƙali ya san in ya tashi wasa zai shiga motarsa ya tafi gida lafiya. To ina ga wanda ke tsaye a tsakiyar fili a gasar Najeriya, ya waiga ya ga 'yan sandan da aka kawo ba su taka kara sun karya ba, ya kuma san ƙofar fita guda ce?

A nan ne magoyin bayan Pillars ya kamata ya ɗan yi ƙasa da murya. Daga Yunin 2003 zuwa Agustan 2015, shekara 12 cur, ba a ci Pillars a gida a gasar lig ba, wasa 202 a jere, sai da Nasarawa United ta zo Kano ta yi mata 2 da 1. Kirarin "Sai Masu Gida" ba a banza ya zauna ba. Ban ce alƙalai ne suka kafa wannan tarihi ba. Ƙungiyar da ta ɗauki kofin lig a 2008, 2012, 2013 da 2014 tana da 'yan wasa na gaske, irin su Rabi'u Ali da Gambo Muhammad, da Ahmed Musa da ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 kafin ya tafi Turai. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka bayan ta yi 2 da 2 a Alƙahira, inda babu wanda zai ce an yi mata alfarma. Ga zafin Kano, ga doguwar tafiyar mota da baƙi ke yi daga Aba ko Fatakwal su iso a gajiye. Duk da haka, wasa 202 ba tare da ranar tsautsayi ko ɗaya ba abu ne da ko manyan ƙungiyoyin Turai ba su yi ba. Ka tambayi ɗan Enyimba ko ɗan Rangers yadda yake fassara wannan lissafi, zai maimaita maka kalmomin da kai kake faɗa duk ranar da Pillars ta je Aba aka ba masu gida fenariti a minti na 90. Ban taɓa jin an tashi daga filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, an hau mota zuwa Wudil, wani ya ce, "Yau fa alƙali ya taimake mu," har sauran suka amsa masa ba.

Ɗora laifi a kan alƙali yana da wani amfani da ba a cika faɗa ba: yana barin majalisa a haɗe. In aka ce alƙali ne, kowa ya huta, mu ne aka zalunta, gobe ma da rigarmu za mu fito. In kuwa aka ce namu ne suka gaza, dole a nemo wane ne, kuma daga nan ake fara tone-tone: ɗan wane yanki ne, wa ya kawo shi, me ya sa aka ajiye wane a benci. Idan babu alƙalin da za a kama, fushin kan sauka a kan mutum ɗaya, kuma saukar ba ta da kyau.

Sani Kaita ɗan Kano ne, tsohon ɗan wasan Pillars. Ranar 17 ga Yuni, 2010, a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu, Najeriya tana cin Girka 1 da nema, sai ya kai wa Vasilis Torosidis ƙafa a bakin layi bayan ƙwallo ta riga ta fita. Jan kati a minti na 33. Girka ta farke, ta ƙara, aka tashi 2 da 1. Babu mai cewa Kaita bai yi wauta ba. Amma a wasan nan Chinedu Obasi ya ɓarar da ƙwallo raga a buɗe, kuma ƙwallon da Girka ta ci ta biyu daga hannun Vincent Enyeama ta suɓuce, duk da cewa shi ne ya yi ta ceton Najeriya a ranar. Kaita kaɗai aka yi wa barazanar kisa. Ighalo ma bayan wasan Ajantina barazana ta kai har kan iyalinsa. A Janairun 2022, da Tunisiya ta fitar da Najeriya a Garwa ta ƙasar Kamaru, sai aka raba fushin gida biyu, rabi a kan alƙalin da ya kori Alex Iwobi, rabi a kan gola Maduka Okoye. Shi ya sa ba na saurin yaba wa mai cewa "mu faɗi gaskiya, 'yan wasanmu ne." Sau da yawa shi ma mutum ɗaya yake nema ya rataya wa, launin riga ne kawai ya bambanta.

Kada kuma a zaci cutar tamu ce mu kaɗai. A Ostireliya suna da wata ƙwallo tasu ta daban, mai siffar ƙwai, mutum 18 a kowane ɓangare, ana kamawa da hannu ana bugawa da ƙafa a wani makeken fili. Turaku huɗu ne a kowane ƙarshen fili, babu raga. In ka buga ta bi tsakanin na tsakiya biyu, maki 6. In ta bi gefe ko ta taɓa turke, maki 1. A Agustan 2023 ƙungiyar Adelaide ta karɓi baƙuncin Sydney. Saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, Ben Keays na Adelaide ya buga ƙwallon da za ta sa su gaba. Alƙalin turke ya ce ta goga, maki 1 ne, bai kuma nemi a duba na'ura ba. Hoto ya nuna ba ta taɓa komai ba. Aka tashi 74 da 73, washegari shugaban hukumar gasar ya fito ya amsa cewa an yi kuskure, Adelaide kuma ta rasa shiga zagayen ƙarshe. Da ganin wannan ka ce ai shari'a ta ƙare tunda mai laifi ya amsa. Ina! A wasan nan Adelaide sau 10 ta samu mai maki 6, sau 13 ta tashi da mai maki 1, kuma ta bari Sydney ta yi mata nisa sosai tun kafin hutu. Sai magoya bayanta suka rabu daidai yadda aka rabu a kan Rojo da Ighalo. Ƙasa mai arziki, fili cike da kyamarori, alƙalai huɗu a tsakiya ban da na layi da na turke, amma tambayar tana nan yadda take a bakin gadar Wudil.

Abin da ya sa ba ta mutuwa shi ne tambayoyi biyu ne aka cusa cikin ɗaya. "Alƙali ya yi kuskure?" tambaya ce da hoto kan iya amsawa, kamar na Ikpeba da na Keays. "Shi ya kayar da mu?" kuwa babu hoton da zai amsa ta, domin wasan da aka yi rashin nasara da ƙwallo ɗaya, kowane kuskure a cikinsa ya isa a ce shi ne. Ko da an ba da fenaritin Rojo, sai an buga kafin a ci, kuma mun ga abin da ya sami Kanu a Legas. Mai cewa alƙali ne yana amsa ta farko, mai cewa 'yan wasa ne yana amsa ta biyu, kowa kuma yana ganin ɗan'uwansa ya kauce wa magana.

A teburin mai shayi wannan ba komai ba ne, nishaɗi ne, wani lokaci ma ya fi wasan daɗi. Matsalar tana farawa ne in musun ya tsallaka shinge ya shiga fili, kuma Pillars ta sha biyan kuɗin wannan tsallake. A Yunin 2019, a gasar ƙungiyoyi shida ta fitar da zakara da aka yi a filin Agege na Legas, Pillars tana cin Rangers 1 da nema sai aka ba Rangers fenariti dab da tashi, aka yi 1 da 1. Kyaftin Rabi'u Ali ya tunkari alƙali, magoya baya suka afka fili, alƙalai suka gudu neman mafaka, duk a gaban kyamarar talabijin. Aka ci tarar ƙungiyar naira miliyan 8, aka dakatar da kyaftin wasa 12. Enyimba ce ta ɗauki kofin shekarar. A Afrilun 2022 aka farfasa motar Katsina United a Kano. Wata biyu bayan haka aka kai wa mataimakin alƙali hannu a wasa da Dakkada, aka zabtare wa Pillars maki 3. A ƙarshen kakar ƙungiyar da ta ɗauki lig sau huɗu ta faɗa ƙaramar gasa, sai a 2023 ta dawo.

Sai kuma na 12 ga Oktoba, 2025. Pillars tana cin Shooting Stars ta Ibadan 1 da nema a filin Sani Abacha, baƙi suka farke a cikin ƙarin lokaci. Ana busa tashi jama'a suka ɓarke cikin fili, aka far wa alƙalai da 'yan wasan Ibadan, har da raunuka. Ahmed Musa, wanda a lokacin shi ne babban manajan ƙungiyar, ya fito ya ba da haƙuri. Hukumar gasar ta ci tarar naira miliyan 9.5, ta cire maki 3 da ƙwallo 3, ta kuma mayar da wasannin gida na Pillars Katsina.

A yi lissafin a hankali. Mu ɗauka, don a zauna lafiya, cewa duk abin da aka faɗa a kan alƙalin ranar gaskiya ne, ya ja lokaci da gangan har sai da baƙi suka ci. Abin da ya raba Pillars da shi maki 2 ne, daga 3 zuwa 1. Waɗanda suka shiga fili don su rama mata sun raba ta da 3, da kuɗin tara, da kuɗin ƙofa na wasannin da suka biyo baya. Ɗan Wudil da ya saba hawa mota ya yi tafiyar kimanin kilomita 40 ya kalli wasa ya dawo ya yi isha'i a gida, a lokacin wannan hukunci sai ya ratsa Kano ya ƙara wasu kilomita sama da 150 kafin ya ga ƙungiyar da ake ce wa masu gida.

Da hukuncin ya fito, majalisu suka sake rabuwa. Wasu suka ce abin da 'yan tsiraru suka jawo wa kowa ke nan, a kamo su a hukunta. Wasu suka ce ai an yi irin wannan a wasu filayen ba a yanke hukunci mai tsanani haka ba, don Kano ce shi ya sa. Na biyun sun fi yawa, kuma a wannan karon hukumar gasar ce suka ce an saya.